Gurbin Mai Jinkirin Fahimta, Daga Karofi Zuwa Masana'anta

Heinrich Barth ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, kuma cikin duk abin da ya gani a birnin babu wanda ya zauna ya yi wa lissafi kamar tufafi. A ƙiyasinsa, abin da fatake ke kaiwa Tambutu kaɗai a shekara ya kai kayan raƙuma 300, kuɗinsu wuri miliyan 60. Wani kason arewa yake yi, ya bi ta Agadas ya bazu cikin Sahara har Gat da Tarabulus. Cikin kayan arewan nan akwai turkudi, baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa a Kura da ƙauyukanta. Har gobe in ana ɗaurin aure a nan Outoul, ƙauyen da nake zaune kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Tamanrasset, a kan babbar hanyar In Salah, dattijon da ya isa yakan fito da rawanin da shuninsa ke zuba a goshi, in ka tambaya a ce maka ɗan Kura ne.

Barth kayan raƙumi ya ƙidaya. Ni hannuwan da kayan suka ratsa ne suka dame ni. Kafin turmi ɗaya ya hau raƙumi sai an noma auduga, an gurje, an shiɓe, mata sun kaɗa, masaƙa sun saƙa sawaye 'yan siri-siri, an ɗinke su, an kai karofi, daga nan a wuce wajen mabuga. A karofin ma aikin kashi-kashi ne. Akwai na gwani, wanda da ƙamshin rijiya da kumfarta yake gane baba ya nuna. Akwai kuma ɗiban ruwa, tankaɗe toka, motsa rijiya da muciya kullum safiya, yashe katsi, shanya da kwashewa. Waɗannan ba sa neman lissafi. Abin da suke nema mutum ne wanda ba ya gajiya da maimaici, ba ya kuma tsallake rana.

Kakana marini ne a Kura, mahaifina kuma shi ya ɗauki kayan ya bi hanyar Agadas har ya yada zango a Tamanrasset. Yakan ce a karofin da ya tashi akwai wani bawan Allah da ya yi shekaru a makarantar allo bai fita daga ƙananan surori ba, in ka aike shi da kuɗi bai san canji ba, amma rijiyar da aka damƙa masa ba ta taɓa mutuwa don rashin motsawa ba. Irin mutanen da nake magana a kansu ke nan. Ba mahaukata ba ne, ba kuma masu iskoki ba. Mutane ne da aka haifa, ko wata cuta ta yarinta ta bari, da jinkirin fahimta: karatu, ƙirge da riƙe dogon bayani suna yi musu wuya, amma abin da suka riƙa sun riƙe shi ke nan.

Tsohon tsarin ya ba irin wannan mutum wurin tsayawa, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai in an bi labarin har ƙarshe ba shi da daɗi. Yana cin tuwon gidan maigida, ana yi masa rigar salla, amma ba a yanka masa ladan aikinsa kamar yadda ake yanka wa sauran. Har ya yi furfura sunansa yaron gida. Ranar da maigida ya faɗi, magada suka raba rijiyoyi, shi ba ya cikin gado, ba ya kuma cikin lissafi, sau da yawa sai dai ƙoƙon bara. Akwai wani abu kuma a tarihin Kano da ya kamata a lura da shi. Makafi suna da sarkinsu da unguwarsu, suna da tufkar igiya a matsayin sana'a. Kutare suna da sarki, guragu suna da sarki. Duk suna da bakin da zai kai kukansu fada. Masu jinkirin fahimta ba su taɓa samun sarki ba, don lalurarsu ita ce take hana su haɗa kai su yi magana da murya ɗaya. Kowannensu yana rataye ne a wuyan mutum guda.

Da masana'antu suka zo, aka cika Bompai, aka buɗe Sharaɗa da Challawa, ana saƙa, ana jima, ana yin alewa da robobi, har kekunan Raleigh ana harhaɗawa a Kano, kamata ya yi a ce kakarsu ta yanke saƙa. Ai masana'anta ta fi karofi yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowa da ɗan abin da yake maimaitawa daga safe zuwa yamma. Amma ƙofarta daban ce. A karofi sanayya ke shigar da mutum. A kamfani sai takarda, sai amsa tambayoyi, sai duba agogo da karanta lamba, ga fomen da ba shi da lokacin maimaita magana sau uku. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kwararowar kayan waje, kamfanonin suka yi ta rufewa, masu takardar ma suka koma layi. Abin da ya rage wa namu shi ne gidajen kulawa irin su Torrey Home a Kano da Zariya, inda ake riƙon yara. Masu shan inna a Kano, ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmed Tudun Wada, sun kafa wajen ƙera kekunan guragu da hannunsu, abin alfahari. Sun iya haka ne don suna iya tsara kansu. Mai jinkirin fahimta sai an buɗe masa daga ciki.

Inda aka buɗe ƙofar nan ta zauna a buɗe fiye da shekara sittin yana da nisa da mu, kuma sana'ar ba wata babba ba ce: allin rubutu a allon makaranta. Kamfanin Nihon Rikagaku an kafa shi a Tokyo a 1937, yana yin allin da ba ya tayar da ƙura. A 1959 wani malami daga makarantar yara masu jinkirin fahimta ya je neman aiki wa ɗalibansa biyu mata da za su gama makaranta. Ɗan mai kamfanin, Yasuhiro Oyama, saurayi mai shekara 27, shi ya tarbe shi, ya ce a'a. Malamin ya dawo, aka sake ce masa a'a. A zuwa na uku, kamar yadda Oyama ya sha ba da labari, malamin ya ce ya janye maganar ɗauka aiki. Roƙonsa kawai a bar yaran su ɗanɗana aiki na 'yan kwanaki, don in ba haka ba gidan kulawa za a kai su, su ƙare rayuwa ba su san mene ne aiki ba.

Aka yarda da mako biyu, aka ba su liƙa takarda a jikin kwalaye. Ƙararrawar hutu takan kaɗa ba su ɗaga kai ba sai an dafa kafaɗarsu. Da wa'adin ya cika, ma'aikatan ne da kansu suka taru suka sami Oyama, suka ce a ɗauki yaran, abin da suka kasa mu za mu cike. A 1960 aka ɗauke su, suna 'yan shekara 15, a matsayin cikakkun ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu ta yi fiye da shekara 50 a kamfanin.

Da labarin a nan ya tsaya, da bai wuce na karofin kakana ba: tausayi ne, kuma Oyama bai ɓoye cewa da tausayi aka fara ba. Tausayi kuwa yana gajiya. In kullum wani ne ke ɗaukar rabin aikinka, wata rana zai yi tsaki. Abin da ya raba wannan kamfani da sauran shi ne tambayar da suka koma yi wa kansu. Suka daina cewa me ya sa wance ba ta ganewa, suka koma duba ta inda take ganewa. Oyama ya lura cewa ma'aikatan nan da ba sa karanta harafi su kaɗai suke zuwa aiki, suna tsallaka titunan birni lafiya lau. Me ya kawo su? Danja. Sun san ja, sun san kore. Sai aka mayar da awon kayan haɗi kan launi: garin da ke cikin jan gwangwani da jan ma'auni ake auna shi, na shuɗin gwangwani da shuɗi, in sikeli ya daidaita an gama. Wanda ba ya duba agogo aka ajiye masa agogon yashi, 'yar kwalbar nan mai ciki biyu: in yashi ya gama zuba, a kashe injin kwaɓi. Wajen duba kaurin alli, maimakon ma'auni mai lambobi aka ƙera wani abu mai tsaga: allin da ya ƙi shiga ya yi kauri, wanda ya zarce ya yi siriri. Ba a sassauta ingancin kaya ba ko kaɗan, don allin dole ya cika ƙa'idar ingancin kayan masana'antu ta Japan kafin ya shiga aji.

Wannan shi ne zuciyar al'amarin a wurina. Aikin aka gyara ya dace da mutum. Laifin rashin fahimta aka ɗauke daga kan mai koyo aka ɗora wa mai koyarwa, kuma nan ne ya dace ya zauna.

A 1967 kamfanin ya buɗe reshe a garin Bibai da ke tsibirin Hokkaido, a 1975 ya gina masana'antar Kawasaki da niyyar ɗaukar irin waɗannan ma'aikata da yawa. Yau wajen kashi 70 cikin 100 na ma'aikatansa masu jinkirin fahimta ne, a cikinsu akwai masu lalura mai tsanani, kuma su ne a kan layin yin allin, wasunsu har da shugabancin rukuni. Ana biyan su albashin da bai gaza mafi ƙaranci na doka ba. Kamfanin shi ne kan gaba a kasuwar alli a Japan, musamman bayan rufewar Hagoromo a 2015. A 2009 Firayim Minista Yukio Hatoyama ya ziyarci Kawasaki, ya kuma kawo labarin a jawabinsa gaban majalisa. Oyama ya rasu a 2019. Yakan ce wani limamin addinin Buda ne ya buɗe masa ido, da ya gaya masa cewa ɗan Adam yana son a ƙaunace shi, a yabe shi, ya amfani wani, a kuma buƙace shi, kuma ukun ƙarshen a wajen aiki ake samun su. Mu ma da muka tashi muna jin sana'a sa'a, maganar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Kada a ɗauka wannan wata baiwa ce ta Japanawa. A Amurka, wani malamin Jami'ar Illinois mai suna Marc Gold ya wallafa bincike a 1972: ya koya wa matasa 64 masu matsakaiciya da tsananin lalura harhaɗa birkin keke mai ɓangarori 15, daga baya mai 24. Ya yanka aikin mataki-mataki, ya rage surutu, wasu ya shafa musu launi a jikin ƙarafan. In mai koyo ya kuskure ba ya yi masa tsawa, cewa yake a gwada wata hanya. Suka koya. Daga irin wannan aiki ne aka samo tsarin da ake bi yanzu a ƙasashe da dama, inda mai horarwa ke bin mutum har cikin kamfani, ya tsaya kusa da shi makonni, sannan ya riƙa janyewa a hankali har ya bar shi da abokan aikinsa.

Birtaniya ta bi wata hanyar. A 1945 gwamnati ta kafa Remploy, masana'antu na naƙasassu zalla, ta farko a Bridgend a 1946, da farko don sojojin da yaƙi ya raunata da masu haƙar kwal, daga baya masu jinkirin fahimta suka shigo. A ganiyarta ta haura masana'antu 90 da ma'aikata kusan 10,000. Amma da tallafin gwamnati take numfashi. Da aka lissafa cewa kowane gurbi yana cin wajen fam 25,000 a shekara, aka fara rufewa a 2008, aka ƙarasa a 2013, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan suka daɗe ba su sake samun aiki ba. Ban ga laifin wanda ya gina Remploy ba, ya yi wa dubban mutane rana. Sai dai gurbin da ke tsaye kan kasafin gwamnati yana faɗuwa ranar da aka canza kasafi. Allin Kawasaki malaman makaranta ne ke sayensa don yana rubutu da kyau, kuma shi ya sa gurbin ya ɗore.

Dokoki kam muna da su. A nan Aljeriya dokar 8 ga Mayun 2002 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na gurabe ga naƙasassu, ko ya zuba kuɗi a wani asusu. A Najeriya dokar hana wariya ga naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ambaci kashi 5 cikin 100 a ma'aikatun gwamnati. Amma in an zo cike gurbin, wanda ya fi saukin ɗauka ake nema: mai digiri da ke kan keke, ko kurma mai sana'a a hannu. Sun cancanta, ba na jayayya. Mai jinkirin fahimta dai shi ne na ƙarshen layi ko a cikin naƙasassu. A Japan ma haka aka yi: dokar 1960 masu naƙasar jiki ta sani, a 1976 ta zama tilas, sai a 1998 aka shigar da masu jinkirin fahimta cikin lissafin kason. Kamfanin alli ya riga doka da shekara 38.

Abin da na fi gani a wajenmu shi ne horo na wata uku, a yi taro, a ɗauki hoto, a miƙa wa yaro keken ɗinki ko kayan haɗa sabulu a ce ya je ya dogara da kansa. Wanda bai san canji ba ka ce ya sayo kaya, ya yanka farashi, ya bi bashi? Wannan kamar ka ba mai koyon iyo kwale-kwale ne ka tura shi tsakiyar kogi. Kafin shekara ta zagayo an sayar da keken. Ba kowa aka halitta ya zama maigidan kansa ba. Mafi yawan mutane, masu lalura da marasa ita, abin da suke so wurin zuwa ne da safe, aikin da suka sani, da albashin da ba ya yankewa.

Tamanrasset ba garin masana'antu ba ne. Abin da muke da shi mai kama da su shi ne wuraren buga bulo, waɗanda suka yawaita da garin ya faɗaɗa, musamman bayan an jawo ruwa daga In Salah a 2011, tafiyar kilomita wajen 750 a cikin bututu. A ɗaya daga cikinsu nake riƙe da littafin lissafi, kuma a nan ɗan ƙanwata yake, matashi da aka haifa a nan da lalurar galahanga. Iskar Ahaggar busasshiya ce, bulon da aka buga in ba a ba shi ruwa safe da yamma na wajen mako guda ba, sai ya bushe kafin siminti ya kama, ya riƙa marmashewa a hannun magini. Ban ruwa shi ne aikin da leburori suka fi rainawa, don a kan yawan bulon da aka buga ake biyansu. Shi aka ba yaron. Matsalar ita ce bai iya riƙe wane layi aka buga yaushe ba. Sai muka yi koyi da mutanen Kawasaki: kowace rana da launin tsummanta, ana ɗaura shi a sanda a bakin layin da aka buga ranar, a jikin tankin ruwa kuma akwai allo mai launukan a jere. Layin da launinsa ya sake zagayowa ya gama shan ruwa, a kwashe. Bokitin awon siminti ma fenti muka zagaya masa a ciki. Tun daga nan bulon da ke fashewa wajen lodi ya ragu, kuma ni ke rubuta asarar, don haka da idona na gani a littafi.

Ga inda tsohon karofi ya biyo mu. Mai wurin, mutumin kirki ne a mu'amala, yana kiran yaron ɗana, yana saya masa shayi da burodi, amma abin da yake miƙa masa da yamma na sabulu ne, bai kai rabin na sauran ba. Na ce masa, Alhaji, ai ba sadaka kake yi ba, aiki yake yi maka. Ko a fiƙihun da muka karanta, wanda bai iya juya dukiya ba waliyyi ne ke riƙe masa, amma dukiyar tasa ce, ba a rage masa haƙƙi don ba zai iya ƙirgawa ba.

A gida ma akwai tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Gwamnati tana ba mai cikakkiyar naƙasa da ba shi da wata hanyar samu alawus na wata-wata, wanda aka ɗaga daga dinari 4,000 zuwa 10,000 a 2019. Ƙanwata takan ce, Yaya, in aka rubuta shi a matsayin ma'aikaci aka yanke wannan, gobe Alhaji ya sallame shi, ina muka kama? Amsar da nake ba ta lissafi ce. Mafi ƙarancin albashi a 2020 ya kai dinari 20,000, ninki biyun alawus ɗin ke nan a lokacin. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNAS yana da kariya in ya ji rauni a wajen aiki, kuma wanda ya tara aƙalla shekara 15 ana zuba masa yana da fansho in ya kai 60. Fanshon nan shi ne amsar tambayar da take hana ta barci, wato wa zai riƙe shi bayan ba ta. Amma tsoronta ba zai kau ba sai aikin ya zama na dindindin a rubuce, ba na ganin dama ba.

Alhaji ya ce a bari sai an biya shi kuɗin kwangilar da ke hannunsa. Na ware shafukan asarar bulo na kafin zuwan yaron da na bayansa, na haɗa da takardun da ofishin inshora ke nema, ranar da kuɗin suka shigo zan ajiye masa su tare a kan tebur.